Rabin Amsa: Gyara a Kan Fatawar Auren Ƙasar Waje

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ƴan uwa, akwai wasu gajerun muryoyi da ke yawo a WhatsApp, daga Maraɗi zuwa Damagaram har Yamai, a kan saurayin da ya sami baturiya ta intanet yana so ya aure ta ya bi ta ƙasarsu, ko budurwar da wani baƙo ya nema zai tafi da ita. Galibi ba su wuce minti ɗaya ko biyu. A yi tambaya, mai amsa ya ce ya halatta, ya ambaci aya ta 5 ta Suratul Ma'ida, shi ke nan, a tura wa na gaba. Wata muryar kuma ta ce haramun ne, wai duk wanda ya zauna cikin Nasara ya sayar da addininsa. Mun saurari iri biyun, kuma muna da magana a kansu.

Ta biyun ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Sahabbai sun yi hijira zuwa Habasha, ƙasar sarki Kirista, da umarnin Annabi (SAW), kuma Ja'afar ɗan Abi Ɗalib bai dawo ba sai shekara ta 7 bayan Hijira. Sayyidina Usmanu ya auri Na'ila alhali tana Banasariya, daga baya ta musulunta. Wanda ya haramta abin da Alƙur'ani ya halatta a sarari, ya ji tsoron Allah.

Ta farkon ce ta fi damun mu, don gaskiya ta faɗa, amma ta tsaya a tsakiyar hanya. Kuma ita matasa suka fi turawa, don ita ce ke faɗin abin da suke son ji.

Mu koma ga littattafan da muke karantawa a zaure. Risala ta halatta wa Musulmi auren ƴantacciyar mace daga Ma'abota Littafi. Amma wanda ya ci gaba har ya kai Mukhtasar zai tarar Shehu Khalil ya ce makaruhi ne, karhancin kuma yana ƙara ƙarfi idan a ƙasar da hukuncin Musulunci ba ya gudana za a zauna. Dalilin Imamu Malik yana cikin Mudawwana: tana cin alade, tana shan giya, mijin ba shi da ikon hana ta zuwa coci, kuma a hannunta ɗansa zai tashi. Ka lura, malam, duk maganar a kan ɗa take ƙarewa. Haka Sayyidina Umaru ya rubuta wa Huzaifa, lokacin yana Mada'in, ya rabu da Bayahudiyar da ya aura. Huzaifa ya tambaya ko haram ce. Umaru ya ce a'a, abin da zai biyo baya yake tsoro. To, wannan fa a lokacin da alƙali Musulmi ne, sarki Musulmi ne. Ina ga wanda zai ɗauki jakarsa ya bi matar gidansu, ya zauna a ɗakin da ita ke biyan haya, da takardar zama da sunanta ya sa aka ba shi?

A nan ne muryar minti ɗaya ta fi gazawa, domin mai fatawa wajibi ne ya san halin wurin da yake ba da fatawa a kansa. Mu ɗauki Faransa, tunda can ne da yawan namu suka fi kallo. Auren da liman ya ɗaura kaɗai ba aure ba ne a idon dokarsu, sai wanda aka yi gaban magajin gari. Takardar zaman da ake ba mijin Bafaranshiya a rataye take da zaman tare: in an rabu da wuri, ana iya ƙin sabunta ta. Neman zama ɗan ƙasa ta hanyar aure sai an cika shekara 4 ana tare. Tun 1993 ba a ba da takardar zama ga mai mata fiye da ɗaya a ƙasar. Saki da baki ba ya raba aure a can. In an rabu, uwa da uba duka suna da iko a kan yaro, kuma alƙali na iya hana a fita da shi ƙasar sai da yardar su biyun. Uban da ya ce zai sato ɗansa ya kawo shi Damagaram karatun allo, mai laifi ne da za a nema. A fiƙihunmu, uban da zai ƙaura zuwa gari mai nisa don zama yana iya tafiya da ɗansa bisa sharuɗɗa. Wannan hukunci babu kotun da za ta saurare shi a can. Ƴarka kuma, in tana makarantar gwamnati, dokar 2004 ta hana ta shiga aji da hijabi. Ga gado: Musulmi da wanda ba Musulmi ba ba su gadon juna a shari'a, dokar can kuwa ba ta san wannan ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba mu ji an ambata ba a muryoyin nan.

Akwai kuma wanda zai ce maka, ai malam ba auren gaske ba ne, na takarda ne, in na samu takardu mu rabu. Subhanallah. In an ambaci wa'adi a cikin ƙullin aure, ya zama mutu'a, ɓatacce ne. In ya ɓoye niyyar a zuciyarsa, malamai sun yi saɓani a kan ingancin auren, amma babu wanda ya ce yaudarar ƴar mutane halal ce don ita ba Musulma ba ce. Hadisi ya zo cewa aure da saki da kome, wasansu ma gaske ne. Su kansu Faransawa suna ɗaure mai auren takarda har shekara 5, da tarar Yuro 15,000. Kuma irin wannan auren sau da yawa ba ya ƙarewa sai an haihu. Wa zai ɗauki alhakin yaron?

Ta ɓangaren mata abin ya fi tsanani, muryoyin kuma sun fi sakaci. Musulma ba ta auren wanda ba Musulmi ba, ko Kirista ne ko Bayahude. Suratul Baƙara aya ta 221 da Suratul Mumtahana aya ta 10 sun rufe wannan ƙofa, kowa ya sani. Sai aka samo dabara: a kawo mutumin masallaci ranar Alhamis ya yi kalmar shahada, a sa masa suna, ran Asabar a ɗaura. Mu ba mu tsaga zuciyar kowa ba, wanda ya furta shahada ɗan uwanmu ne, kuma Ummu Sulaim musuluntar Abu Ɗalha ce sadakinta. Cikin waɗanda suka musulunta ta dalilin aure akwai waɗanda suka fi mu riƙon salla, mun shaida. Amma karɓar shahada aikin liman ne, ba da ƴa kuma aikin waliyyi ne, kuma ba a ce wa waliyyi ya rufe ido ba. Me zai hana a jira wata uku ko shida, a ga yana zuwa jam'i, ya koyi Fatiha, a nemi wani namu da ke zaune a garinsu ya bincika ko yana da mata, me yake yi, da wa yake zaune? Mai neman aure daga unguwar da ke bayanmu sai mun tambayi kakansa. Wanda ya zo daga bayan teku kuwa, hoton motarsa ya ishe mu.

Wata mas'ala da ya kamata ɗalibai su riƙe: iyaye kan ce ai ya yi alkawari zai riƙa kawo ta gida duk shekara, ko ba zai fita da ita ba sai ta yarda. A mazhabarmu ta Malikiyya, irin wannan sharaɗi in an faɗe shi haka kawai, ana so miji ya cika amma ba a tilasta masa. Hambaliyya ne ke lizimta shi. Yana zama dole a wurinmu idan an rataya shi, misali a rubuta cewa in ya saɓa, al'amarinta yana hannunta. Sai a rubuta, da shaidu, a ajiye kwafi a gida. Fasfonta ya zauna a hannunta, ta tafi da lambar masallacin garin da za ta da ta wani ɗan ƙasarmu amintacce. A kuma tuna, tun watan Janairun 2024 ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake. Uwar da ƴarta ta kira tana kuka, ba gobe za ta sami biza ta je ta gani da idonta ba.

Ba mu zargin niyyar masu amsa tambayoyin nan. Wasu ma dogon karatu suka yi, wani ya yanko minti ɗaya ya watsa, su ba su sani ba. Amma wanda ya san ana ɗaukar muryarsa, ya kamata ya haɗa hukunci da sharaɗinsa a numfashi ɗaya, yadda almakashi ba zai raba su ba. In tambayar ta fi ƙarfin minti ɗaya, ya ce wa mai tambaya ya zo zaure da mahaifinsa. Mu ma masu turawa, kafin mu danna, mu duba ko an ambaci ƴaƴa a ciki.

Wanda maganar nan ta shafi gidansa, ya samu liman bayan sallar La'asar, ya zo da duk takardun da aka aiko masa, a nemi mai jin Faransanci ya karanta su kafin a sa rana. Wallahu a'alamu.