Wa ke zaɓen abin da za a koya wa mai tsaron littattafai?

Maganar yau ta shafi akwatin littattafan nan da ke garinku, da mutumin da kuka danƙa wa mabuɗinsa.

Kun san wahalar da kuka sha kafin ku iya haɗa baƙi da wasali. Kun kuma san karatu kamar hauya yake: in aka jingine ta damina biyu, sai tsatsa. Shi ya sa ma'aikatar yaƙi da jahilci, wadda aka kafa a ƙasarmu a 1963, ba ta tsaya ga allo kaɗai ba. Ta buga jaridu irin su Ganga, da Sabon Ra'ayi, da Muryar Damagaram. Ta kai littattafai ƙauyuka. Amma akwati ba ya buɗe kansa. Sai da mai tsaro, shi kuma mai tsaro sai da horo.

Bayan girbin bara an kira horo na kwana 5 a babban garin gundumarmu. Ni na raka masu tsaron akwati na yankinmu. Ranar farko da safe aka raba mana takarda mai ɗauke da batutuwan da za a tattauna. An gama zaɓensu tun kafin mu zo. Da Faransanci aka fara rubuta su, sannan aka juya su Hausa. Akwai tarihin manyan ɗakunan karatu na duniya. Akwai tsarin lambobi na Diwi. Akwai yadda ake cika kati ga kowane littafi, da yadda ake shigar da sunayen littattafai cikin kwamfuta. A cikin waɗanda na raka, babu mai lantarki a garinsu.

Kada ku ce waɗanda suka zaɓi batutuwan nan jahilai ne. A'a, sun yi karatu ƙwarai. A Dakar akwai makarantar da ke horar da masu kula da ɗakunan karatu tun 1967, ana kiranta EBAD. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe nata sashen a 1968. Irin waɗannan makarantu suna shirya mutum ne don ya riƙe ɗakin da ke da littattafai dubbai, kamar na jami'a. A can, in babu lamba, littafi ya ɓata ke nan ko da yana cikin ɗakin. Laifin masu shirya horonmu ɗaya ne: sun ɗauko rigar da aka ɗinka wa raƙumi za su sa wa akuya.

Bari in ba ku misali. Diwi mutumin Amurka ne. A 1876 ya raba ilimin duniya kashi 10, ya ba kowane kashi lamba. Kiwon lafiya yana 610. Noma yana 630. Labaran Hausa kuwa, da na harsuna da yawa na Afirka da Asiya, an tura su can 890, wurin da aka ware wa sauran harsuna. Yini guda cur muka yi a kan wannan. Da la'asar wani dattijo daga cikinmu ya ɗaga hannu. Ya ce littattafansa ba su kai 100 ba, kuma kashi uku ya raba su: masu cika rumbu, masu gyara jiki, da masu sa nishaɗi. Ya ɗaura wa kowane kashi zare mai launi dabam, har wanda bai ƙware ba ya san inda zai sa hannu. Aka yi dariya, aka wuce. Ni a ganina, maganar dattijon nan ita ta cancanci yinin.

Batutuwan gaskiya da dare suka fito, a gindin bedi, ana shan shayi, bayan malaman horo sun tafi masauki. Wani ya ce gara ta cinye masa littafi 6 a damina ɗaya. Nan take aka ba shi dabara: a ɗora akwati a kan duwatsu, kada ya taɓa ƙasa ko bango, a sa busasshen ganyen bedi a ciki, a dinga fitar da littattafai suna shan iska. Wani ya ce da damina babu mai zuwa karatu, kowa yana gona. Shin ya rufe ne, ko ya koma buɗewa ranar Juma'a da ranar kasuwa? Wani ya tambaya yadda zai yi da ɗan mai gari da ya ari littafi wata 8 bai maido ba. Wannan tambaya babu ita a takarda, ga shi kuwa kowa ya gyara zama da aka yi ta.

Akwai wadda ta fi damuna. A horon an nanata cewa za a zo a ƙirga littattafai, wanda ya ɓata kuma yana wuyan mai tsaro. To, me kuke tsammani mutum zai yi in ya ji haka? Zai koma gida ya sa kwaɗo, ya rataya mabuɗi a wuya. In masu dubawa sun zo, su tarar da littattafai fes, ko yatsa bai taɓa su ba, su rubuta cewa aiki yana kyau. Na sha ganin irin wannan akwati. Na kuma ga wani wanda littattafansa duk sun yi baƙi, an ɗinke bayansu da zare, wasu sun sha man gyaɗa. A garin nan na biyu ne na tarar da mata suna karanta takardar asibiti da kansu. Abin mamaki, su kansu manyan makarantun sun san haka. Wani malamin Indiya mai suna Ranganatan ya fitar da dokoki 5 na wannan aiki a 1931, ta farkonsu kuwa a kan amfani da littafi ta tsaya, ba a kan ɓoye shi ba. Masu shirya horonmu sun tsallake wannan darasi, sun kawo mana lambobi.

Maganar mata ma ba ta shiga takarda ba. A cikin waɗanda aka kira horo mace ɗaya ce tak. Alhali ku duba cibiyoyinmu, ku ga su wa suka fi cika tabarma. Matar aure ba za ta shiga zauren wani namiji da dare don aron littafi ba. In akwati yana can, to, rabin gari an rufe musu shi ke nan. Ko a raba littattafan biyu, ko a sami mace mai zagayawa da su gida gida cikin kwando. Wannan abin a zauna a yi shawara ne, kuma kowane gari da irin tasa.

Sai rubutu. A akwati ɗaya za ka tarar da Hausa iri uku. Tsofaffin ƙasidunmu sun bi ƙa'idar taron Bamako na 1966, inda ake ninka wasali mai tsawo, a rubuta "kaasuwaa". Bayan taron Yamai na 1980 aka daina ninkawa. Littattafan da ke zuwa daga Najeriya, irin su Magana Jari Ce na Abubakar Imam, su kuma suna rubuta 'ya'ya inda mu muke rubuta ƴaƴa. Sabon mai karatu in ya ci karo da wannan, sai ya ɗauka shi ne ya manta karatu, ya ajiye littafi cikin kunya. Mai tsaro ne zai ce masa: "Malam, ba laifinka ba ne, ga yadda abin yake." Amma sai in an koya masa.

Ban ce duk horon banza ba ne. Kayen aro da aka nuna mana yana da amfani: sunan mai aro, sunan littafi, ranar ɗauka, ranar maidowa. Rabin yini ya ishe shi. Ni ma ina da nawa laifi. Wata guda kafin horo na san za a yi shi, ban zagaya na tambayi kowa abin da ke damunsa ba. Na zauna ina jiran takarda daga sama, kamar kowa.

Bana ba za mu sake haka ba. Kafin a gama girbin hatsi, ku taru a cibiya tare da mai tsaron akwatinku. Mata su yi nasu zama dabam, don su faɗi abin da ke bakinsu. Kowane gari ya fitar da tambaya 3 da yake so a tattauna a horo mai zuwa. Wanda ya daina aron littafi, shi za ku fara tambaya dalili. Ku rubuta da hannunku, ko da rubutun ya karkace, ko da ajami ne. Ku ba malamin cibiyarku, shi zai kawo mana ranar kasuwa.