Ma'aunin Maslach da Malamin Maraɗi: Wa Aka Fara Tuɓe wa Mutunci?

A shekarar 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a birnin New York, Herbert Freudenberger, ya bayyana wata irin gajiya da ya gani ga ma'aikatan sa-kai na wani asibitin marasa galihu: mutum ya kama aiki da zafinsa kamar garwashi, a kwana a tashi ya koma toka. Faransawa na kiran abin épuisement professionnel. Mu a nan za mu ce masa gajiyar rai. A 1981 Christina Maslach da Susan Jackson suka fito da ma'auninta mai tambayoyi 22, a 1986 kuma aka yi wa malaman makaranta nasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 cewa lalura ce da aiki ke haifarwa, amma ba ta sa ta cikin cututtuka ba.

Ma'aunin kamar murhu yake, duwatsunsa uku: ƙarewar ƙarfin zuciya, mai tambayoyi 9, raina abin da mutum yake cim ma, mai 8, sai tuɓe mutuntaka, mai 5, wato malami ya wayi gari yana kallon almajiransa kamar kayan da aka jibge masa. Wannan dutse na uku shi ne abin nazarinmu. Sai a yaba wa Maslach, domin ta nuna cewa malamin da zuciyarsa ta bushe ba lallai mugun hali gare shi ba. Sau da yawa garkuwa ce ya ɗauka don nauyi ya fi ƙarfinsa. Amma idan aka kawo ma'aunin nan ƙasar Katsinar Maraɗi da Gobir, yana da rauni biyu.

Na farko shi ne harshe da al'ada. Fassarar Faransanci da Dion da Tessier suka tantance a 1994, ga mutanen Kebek na Kanada aka gwada ta. A Danmak ma, masu bincike ƙarƙashin Tage Kristensen sun bayyana a 2005 cewa tambayoyin tuɓe mutuntaka sun fusata waɗanda aka yi wa su, har suka ƙirƙiro nasu ma'aunin ba tare da su ba. To, ina ga malamin Tibiri? Mu da ake ce wa "Ina gajiya?" mu amsa "Ba gajiya", a ce "Ina aiki?" mu ce "Da godiya". A laccarsa kan Mutumin Kirki, wadda aka wallafa a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa haƙuri da kunya da mutunci cikin halaye goma da Bahaushe ke auna mutum da su. Wanda aka raina da waɗannan ba zai rubuta wa baƙo a takarda cewa bai damu da ƴaƴan mutane ba. Zai zaɓi sifiri, mai bincike ya koma gida da lissafi mai tsabta, alhali kunya ya auna.

Rauni na biyu ya fi nauyi. Tambayoyin na duban yadda malami ke kallon yaro, ba sa duban yadda ake kallon malamin. Tun 1998 Nijar ta soma ɗaukar malaman sa-kai da albashi ƙanƙane, kuma da shirin shekara goma na bunƙasa ilimi da aka fara a 2003 malaman kwantiragi suka zama mafi rinjaye a firamare. Yara sun ƙaru a lakwal, wannan alheri ne, amma darajar Mushe ta ragu a idon gari. Binciken PASEC na 2014 ya sa Nijar a ƙarshe cikin ƙasashe goma, a 2017 kuma aka zaunar da dubban malaman kwantiragi jarrabawa, aka sallami wasu. A Nuwamba 2021 gobara ta ci rayukan yara aƙalla 25 a azuzuwan zana cikin garin Maraɗi. Malamin da ke aiki a irin wannan hali, wa ya tambaye shi ko shi ma lamba aka ɗauke shi? Maslach kanta, tare da Michael Leiter, ta nuna a 1997 cewa tushen matsalar na wurin aiki: yawan nauyi, ƙarancin lada, rashin adalci da watsewar jama'a. Sai dai tambayoyin 22 ba su taɓo ko ɗaya ba.

A nan ne nazarin Henri Tajfel da John Turner na 1979 ke da amfani: mutum na sanin kansa ta hanyar jama'ar da yake cewa "mu" da ita. Alexander Haslam da abokansa sun nuna daga baya cewa ma'aikacin da ke jin shi ɗan gida ne a wurin aikinsa ya fi jure wahala. Wannan ba baƙon zance ba ne gare mu. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi, ya yi bayanin arzikin mutane, Guy Nicolas kuma ya nazarci yadda biki ke ɗaure zumunci a wannan kwari. Malamin da aka tura Jiratawa daga nesa, ran da aka fara kiransa suna da ɗaurin aure, ran nan yaran ajinsa suka zama ƴaƴan wane da wance. Amma kada a manta, jama'a na da nata nauyi: biki da buƙatun dangi na cinye albashi, kuma "mu malamai" na iya mai da almajirai da iyayensu "su".

Saboda haka kiranmu ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ƙungiyoyin malamai da na al'adu shi ne, a yi binciken nan da Hausa, ta hanyar hira, ido da ido, kafin a kai ga lissafi. A tambayi malami wa ke gaishe shi, wa ke jin kukansa, yaushe aka kira shi da sunansa. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.