A bar gamba ta yi magana da muryarta

Makaɗan kayan kiɗan nan mai suna viola da gamba, ko gamba a taƙaice, a Turai sun ɗauki wata ɗabi'a a 'yan shekarun nan: kowa so yake ya juya kiɗan da Bach ya rubuta wa celo ya mayar da shi na gamba. Paolo Pandolfo ya fitar da naɗin duka kaɗe-kaɗen celo shida na Bach a kan gamba a 2001, kuma tun daga nan masu bin sawunsa sai ƙaruwa suke yi.

Ni dai ban ga laifin juyin ba. Mutanen zamanin barok da kansu haka suke yi. Bach ya ɗauki na biyar cikin waɗannan kaɗe-kaɗen celo ya sake tsara shi domin lut, ya canza masa matakin sauti, ya ƙara masa nauyi a ƙasa. Ɗaya daga sonatocinsa uku na gamba ma tana nan a wata siga ta sarewa biyu. A 1747 Jean-Baptiste Forqueray ya buga kiɗan gamba da sunan mahaifinsa, ya kuma fitar da shi a sigar hafsikod.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu kwafar rubutun yadda yake, su ɗora wa gamba. Celo tsirkiya huɗu gare shi, wuyansa sumul. Gamba kuwa shida ce, ta Faransa bakwai, da igiyoyin hanji a ɗaure a wuyanta, ana riƙe bakanta da tafin hannu a sama. An gina ta ne don ta fitar da sautuka da yawa lokaci guda, su daɗe suna amo. In aka tilasta mata bin hanyar celo, sai ka ji muryar ta shaƙe, makaɗin yana fama da yatsu a inda ya kamata hannu ya huta. Pandolfo ya gane haka, shi ya sa ya sauya matakin sautin wasu, ya cike gurabe da abin da gamba ta iya.

Sannan ina jin takaicin yadda sunan Bach ke danne kayan gida. Marin Marais ya bar littattafai biyar na kiɗan gamba tsakanin 1686 da 1725, kiɗa fiye da 500, yawancinsu ba a cika jin su a dandali ba. Fantasiya 12 da Telemann ya buga wa gamba a 1735 sun ɓace, sai a 2015 aka gano su a ma'ajiyar takardu ta Osnabrück a Jamus. Su nake son in fara ji a kowane taron gamba, Bach ya biyo baya.