Agogon da Aka Sare wa Kawuna: Nazarin Gwanjon Paris na 2009

A ranar 25 ga Fabrairun 2009, kamfanin gwanjo na Christie's ya buga guduma a birnin Paris kan wasu kawunan tagulla guda biyu, na ɓera da na zomo, kowanne a kan yuro miliyan 14, ban da la'ada. Suna cikin kayan ƙawa da shahararren mai tsara tufafi Yves Saint Laurent da abokin zamansa Pierre Bergé suka tara. An sha muhawara kan wanda ya cancanci mallakarsu. Ni kuwa tambayar da ta fi tsaya mini a rai ita ce: mene ne ainihin abin da aka sayar a ranar?

Amsar tana cikin asalin kawunan. A tsakiyar ƙarni na 18, Sarki Qianlong na ƙasar Sin ya sa wasu Turawan mishan da ke fadarsa, Giuseppe Castiglione da Michel Benoist, su tsara masa gine-gine da maɓuɓɓugan ruwa a lambun Yuanmingyuan, kusa da Bejin. A nan aka jera mutum-mutumi goma sha biyu, jikinsu na dutse mai siffar mutum, kawunansu na tagulla masu siffar dabbobin kalandar Sinawa. Sinawa kan raba dare da rana gida goma sha biyu, don haka kowace dabba takan feso ruwa ta baki tsawon awa biyu, sannan ta miƙa wa ta gaba. Da rana tsaka sai su feso gaba ɗaya. Ashe agogo ne, kuma kyawunsa yana cikin jeri da karɓa-karɓa, kamar baitocin waƙa da kowanne ke jiran ɗan'uwansa.

A 1860 sojojin Ingila da na Faransa suka wawashe lambun, daga bisani Lord Elgin ya ba da umarnin a ƙone shi. Kawunan suka watse a duniya. Ɓeran da ya taɓa sanar da tsakar dare ya koma abin ado a ɗakin baƙi.

A nan ne nake ganin laifin gwanjo ta fuskar fasaha. Gwanjo ba ya iya sayar da dangantaka. Abin da yake iya ɗagawa sama a nuna wa jama'a kawai yake sa wa farashi. Sai ya ɗauki baiti ɗaya daga cikin waƙa, ya ba shi lamba, ya haska shi da fitila, ya kira shi cikakken aiki. Mai kallo zai yaba santsin tagulla da zanen gashin zomo, amma ba wanda zai tambayi dalilin da ya sa bakinsa yake buɗe. Bakin famfo ne da aka yanke wa ruwa. Haka kuma salsalar kaya, wadda dillalai ke taƙama da ita, takan yi ta lissafa sunayen attajiran da abu ya bi ta hannunsu, ta yi sauri ta wuce ranar da aka ɗauke shi da bakin bindiga.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu sayen kawunan don kishin ƙasa su ma sun taimaka wajen hura wutar farashin. A 2000 kamfanin Poly na gwamnatin Sin ya sayi kan sa da na biri da na damisa a gwanjon Hong Kong. A 2007 attajiri Stanley Ho ya biya dalar Hong Kong miliyan 69 a kan doki. Da kasuwa ta gane cewa akwai al'ummar da ke jin ciwo, sai ta mayar da ciwon haja. A ra'ayina, ba gwanintar maƙera ce ta kai ɓera yuro miliyan 14 ba. Wulaƙancin 1860 ne aka yi wa ciniki.

Shi ya sa nake ɗaukar abin da Cai Mingchao ya yi a matsayin sharhi mafi kaifi da aka yi wa wannan gwanjo. Shi ne ya yi tayi mafi tsoka, bayan 'yan kwanaki kuma ya fito ya ce ba zai biya ba. Wasu sun kira shi mai karya alkawari, kuma suna da hujja, domin ciniki amana ne. Amma ya tona wani asiri: guduma ba ta halatta komai, alkawarin biya ne kaɗai ke riƙe da ita. Shi ma Bergé bai tsira ba, da ya ce zai mayar da su idan Sin ta mutunta haƙƙin ɗan'adam ta kuma 'yantar da Tibet. Buƙatar na iya zama mai kyau, amma wanda ganima ke hannunsa ba shi ne zai gindaya wa mai kaya sharaɗi ba.

A 2013 iyalan Pinault, mamallakan Christie's, suka miƙa wa Sin kawunan biyu kyauta, yanzu kuma suna gidan tarihi na ƙasa a Bejin. Bakwai ke nan cikin goma sha biyu suka koma gida. Na yi murna da komawarsu, amma ba zan kira shi gyara ba. Suna cikin akwatin gilashi, a rarrabe, a bushe, kamar yadda gwanjo ya koya wa duniya kallonsu. Aikin mai nazari shi ne ya ƙi wannan darasi, ya riƙa tuna wa mai kallo cewa kan da ke gabansa awa biyu ne kacal daga cikin ashirin da huɗu.