Gwanayen Simfoni Uku Na Amurka

Simfoni wani dogon kiɗa ne na Turawa, wanda mutum ɗaya ya kan zauna ya tsara a takarda, sa'an nan makaɗa kamar 80 su taru su kaɗa shi da goge manya da ƙanana, da sarewa, da ƙaho, da ganga. Galibi ba waƙar baki a ciki. Wanda ya saba da kiɗan da a ke ambaton sunan wani zai ce, to, wa a ke yi wa? Ba kowa. Kayan kiɗan ne da kansu ke ba da labari.

Da fari kwaikwayon Jamusawa Amurkawa su ke yi. A 1893 Antonin Dvorak, wani gwani mutumin ƙasar Cek da ke koyarwa a New York, ya gaya musu in suna son kiɗa nasu na kansu, sai su koma ga waƙoƙin baƙar fata, watau jikokin bayi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Bayan shekara kusan 40 baƙaƙe uku suka nuna gaskiyarsa.

Na fari William Grant Still, wanda aka fara kaɗa simfoninsa, Afro-American, a Rochester a 1931. Ya gina shi bisa bulus, waƙar baƙin ciki ta mutanensa, har ya sa banjo a kashi na uku. Banjo kuwa dangin molo ne da gurmi, gama bayi suka kai irinsa can daga Afirka. Kiɗan yana da zaƙi, yana shiga kunne nan da nan, amma ba ya daɗewa bisa abu guda.

Ta biyu Florence Price, baƙar mace ta farko da babbar ƙungiyar makaɗa ta kaɗa simfoninta, a Chicago a 1933. Kashi na uku, inda ta sa rawar bayi da a ke kira juba, ba shi da makusa. Aibinta ɗaya: a kashin farko inuwar Dvorak ta rufe ta da yawa.

Na uku, wanda ya fi su nauyi, shi ne William Dawson, malamin waƙa a Tuskegee. Leopold Stokowski ya shugabanci makaɗan Philadelphia suka fara kaɗa simfoninsa, Negro Folk, a 1934. Ƙaho ne ke buɗe shi da gajeren kira, kiran nan kuwa ya yi ta komowa kamar amshi har ƙarshe. A wurin Dawson shi ne zoben sarƙa da ya tsinke ran da aka fita da bawa na fari daga Afirka. A 1952 ya zo Afirka ta Yamma ya saurari makaɗa, da ya koma gida ya gyara kiɗan, ya ƙara wa ganguna ƙarfi.

Duk da tafin da suka sha, an daɗe ba a kula da su. Dawson bai sake yin wani simfoni ba har ya rasu a 1990. Takardun Price masu yawa kuwa sai a 2009 aka tsinto su a wani kango a jihar Illinois. Mai son ɗanɗanawa ya fara da kashi na biyu na Dawson, ya kasa kunne ga gangar da ke rufe shi.