OpenDoc: Manhajar da Ta Sa Takarda a Gaba

Duk wanda ya taɓa kwafo jadawali daga Excel ya liƙa a cikin Word, ya danna shi sau biyu ya ga layukan Excel sun bayyana a tsakiyar wasiƙarsa, ya taɓa abin da masu ƙera manhaja suka yi shekaru suna fama da shi. Burinsu shi ne a samu takarda guda mai ɗauke da rubutu da lissafi da zane, kowanne ana iya gyara shi a inda yake zaune. Hanyar Microsoft, wato OLE, ita ce ta yi tsawon rai har ta iso gare mu. Amma a ganina aikin da ya fi zurfin tunani a wannan fage shi ne wanda bai daɗe ba: OpenDoc na kamfanin Apple, da ya fito ga masu Macintosh a ƙarshen 1995, aka dakatar da shi a watan Maris na 1997. Kada a rikita shi da OpenDocument na LibreOffice, hanyar jirgi daban ta mota daban.

Ba Apple ne ya fara tunanin ba. Tun 1981 kwamfutar Xerox Star tana haɗa rubutu da zane a shafi ɗaya, kuma a 1991 Apple da kansa ya kawo Publish and Subscribe a cikin System 7, inda za ka ware wani yanki na aikinka a fayil na daban, duk takardar da ta jawo shi kuma ta riƙa sabuntuwa idan ka gyara asalin. Abin da OpenDoc ya zo da shi tambaya ce mai nauyi: me ya sa dole sai mutum ya zaɓi manhaja kafin ya fara aiki? Mai gina gida ba ya ɗaukar gidan ya kai wa kafinta, ya ɗauko ya kai wa mai fenti. Gida yana nan inda yake, masu sana'a ne ke zuwa, kowa ya yi nasa ya ba na gaba wuri. Haka OpenDoc ya so takarda ta kasance. A maimakon ƙatuwar manhaja guda mai yin komai, sai a sami ƙananan editoci, wannan na rubutu, wancan na jadawali, wani na hoto, daga kamfanoni daban-daban, duk suna aiki a shafi ɗaya.

Sai mutum ya gan shi yana aiki zai san an yi tunani. Ba ka buɗe manhaja. Akwai folda mai suna Stationery, cike da fararen takardu iri-iri, ka danna wadda kake so sai sabuwar takarda ta buɗe. A saman allo, inda kowane mai Macintosh ya saba ganin File, sai ya ga Document. Ka jawo zane da linzami ka sake shi a tsakiyar rubutu, sai ya zauna. Ka danna shi sau ɗaya, wani siririn layi ya kewaye shi, jerin umarnin da ke sama ya juya ya zama na zane. Ka koma kan rubutu ka danna, jerin ya dawo na rubutu. Ko da jadawali ne a cikin zane, zanen kuma a cikin rubutu, dannawa ɗaya ta isa ta kai ka can ciki. Yankin da ka dasa ba lallai ya zama mai kusurwa huɗu ba kamar na OLE, yana iya zama da'ira ko wata siffa. Janye kuskure kuma na takardar ne baki ɗaya, kana iya komawa baya mataki-mataki ko da ka ratsa editoci uku.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake ajiya. Tsarin fayil ɗinsa, mai suna Bento, yana iya riƙe tsofaffin daftarori a cikin fayil guda. Ka ajiye daftarin safe, ka yi ta gyara har yamma, idan ka ga ka ɓata sai ka buɗe na safe. Duk wanda ya taɓa tara fayiloli masu suna "na ƙarshe" da "na ƙarshen ƙarshe" ya san darajar wannan, kuma an yi shi a tsakiyar shekarun 1990.

Cyberdog, wanda Apple ya fitar a 1996, shi ne ya nuna iyakar abin da tsarin zai iya. Burauza ce da imel da ɗauko fayiloli daga intanet, amma kowanne yanki ne na OpenDoc. Saboda haka malami zai iya dasa shafin intanet mai rai a cikin takardar darasi, ko ya ajiye maɓalli a gefen rubutu wanda zai kai ɗalibi wani adireshi. A zamanin da yawancin mutane ba su ma san me ake nufi da burauza ba, wannan ba ƙaramin hangen nesa ba ne.

Matsalolin kuwa ba ɓoyayyu ba ne, kuma masu amfani da shi sun san su tun ranar farko. Ta farko nauyi. Macintosh da yawa na wancan lokaci suna zuwa da megabait 8 ko 16 na ƙwaƙwalwa, OpenDoc kuma sai ya loda tarin kayansa kafin ko harafi ɗaya ya bayyana. Buɗe 'yar takarda mai layi uku yakan ɗauki lokacin da ba ta cancanta ba. Mutane suka koma dabaru. Wasu suka kunna tsarin aron ƙwaƙwalwa daga faifai, wasu suka sayi RAM Doubler na kamfanin Connectix, wasu suka riƙa shiga bayanan takarda suna ƙara mata kason ƙwaƙwalwa da hannu, domin kowace takarda da nata kaso take tashi. Ga shi kuma Mac OS na lokacin ba ya katange manhaja daga 'yar'uwarta. Edita ɗaya mai kuskure yana iya kayar da takardar duka, wani lokaci har da kwamfutar. Maganin da aka sani shi ne yawan ajiya, da cire editan da ake zargi daga foldar Editors a sake gwadawa.

Waɗannan duk lokaci zai iya magance su, domin ƙwaƙwalwa ta yi araha bayan 'yan shekaru. Matsalar da ta fi ci mini rai ita ce ta aika takarda. Takarda ai don wani ake rubuta ta. Ka haɗa rahoto da edita na rubutu daga wannan kamfani, na jadawali daga wancan, ka aika wa abokin aiki. Idan ba shi da waɗannan editoci, abin da zai gani a gurbin jadawalinka fili ne kawai da ba ya buɗuwa. Masu tsarin sun hango haka, kuma sun tanadi hanyoyi biyu. Ta ɗaya, kowane kamfani ya raba ƙaramin mai nunawa kyauta, wanda zai bari a gani a buga ko da ba za a iya gyarawa ba. Ta biyu, kowane yanki ya ajiye abin da ke cikinsa a siffa fiye da ɗaya, tasa ta musamman a gaba, sannan wata gama-gari kamar tsurar rubutu ko hoto, domin wani editan ya iya kamawa. Dabarun suna da kyau, sai dai duka biyun sun rataya ne a kan kyakkyawar niyyar kowane mai ƙera edita. Ba a sami tsayayyen tsari guda da kowa ya yarda da shi na ajiye jadawali ko rubutu mai ado ba. Wanda ke son ya tabbata an ga aikinsa sai ya buga a takarda, ko ya mayar da shi hoto, wanda hakan ke kashe duk abin da OpenDoc ya zo dominsa.

A nan OLE, duk da kaushinsa, ya fi shi wayo. Duk abin da ka dasa, yana ajiye hotonsa tare da shi. Wanda ba shi da Excel zai ga jadawalin, zai iya bugawa, gyara ne kawai ba zai iya ba. Ba wai OLE ba shi da nasa ciwon kai ba. Idan haɗi ka yi da wani fayil, sannan aka canza masa folda ko suna, haɗin ya tsinke. Idan dasawa ka yi, fayil ya kumbura har ya ƙi shiga faifan fulofi mai megabait 1.44, kuma ɗan zanen lissafin da ka dasa yana iya jawo dukan littafin Excel a bayansa, har da shafukan da ba ka yi niyyar kowa ya gani ba. Abin da aka dasa ba ya tsallaka shafi. A Windows 3.1 kuwa, buɗe manyan manhajoji biyu a lokaci ɗaya yana cinye 'yan albarkatun tsarin har komai ya tsaya. Masu buga takardu suka koyi Paste Special, suna liƙa abu a matsayin hoto, ko su tsinke haɗin da kansu kafin su aika. Amma mutane sun jure, domin takardar tana isa inda aka aika ta a gan ta. Equation Editor da aka yi ta buga tambayoyin lissafi da shi a shagunan buga takardu na garuruwanmu ɗan OLE ne, kuma ya zauna a cikin Office har farkon 2018, lokacin da Microsoft ya cire shi saboda ramin tsaro.

Sauran labarin na kasuwa ne. Apple da IBM da WordPerfect sun kafa ƙungiyar CI Labs don tsarin ya zama na kowa, IBM kuma ya saka shi a OS/2 Warp 4 a 1996. Amma na Windows, inda yawancin jama'a suke, ya yi ta sauya hannu daga WordPerfect zuwa Novell zuwa IBM, ya makara. Manyan kamfanoni ba su ga dalilin farfasa manhajojin da suke ci da su zuwa ƙananan editoci masu araha ba. Ƙananan ne suka amsa kira, irin su Digital Harbor da manhajar rubutunsu WAV, da masu Nisus Writer. ClarisWorks, na reshen Apple kansa, an yi alkawarin zai rungumi tsarin, bai yi ba.

A taron masu ƙera manhaja na Apple a watan Mayun 1997, wani ya miƙe ya ƙalubalanci Steve Jobs a kan kashe OpenDoc. Jobs ya amince cewa akwai abubuwan da OpenDoc ke yi waɗanda babu mai yin su, amma ya ce daga buƙatar mai saye ake farawa a komo ga fasaha. Yana da gaskiya ta fuskar kamfanin da ke gab da durƙushewa a lokacin. Inda ban bi shi ba shi ne zaton cewa OpenDoc bai fara daga mutum ba. Daga mutum ya fara, daga marubucin da ke zaune gaban shafinsa, kuma ya yi masa hidimar da har yau ban ga wanda ya yi masa irinta ba. Wanda bai samu isasshen kulawa ba shi ne mai karɓar takardar a ɗaya gefen.

Mai son ya gani da idonsa zai iya tayar da Mac OS 8 a cikin SheepShaver, manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar Macintosh, ya saka OpenDoc da Cyberdog. Yawancin shafukan intanet na yau ba za su buɗu ba, saboda matakan tsaronsu sun wuce saninsa. Amma jawo yanki cikin yanki da ajiye daftari suna aiki, kuma a kwamfutar yau nauyin da aka yi ta kuka da shi ba a ko jin sa.