Algaita da Suna Mai Ruɗi: Sharhi a kan Ƙamus na Ames da King

A shekarar 1971 David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kaɗe-kaɗe da bushe-bushen Hausa. Babban amfaninsa shi ne yana bayyana ƙirar kowane abin busa, bai tsaya ga suna kawai ba. Wannan hanya ita ce daidai, domin suna yakan ɓatar da manazarci.

Mu ɗauki algaita. Kalmar daga Larabci ta shigo, kuma a Sifaniya "gaita" sunan abin busa ne mai jakar fata. Irin wannan a Indiya "mashak" ake kiransa da Hindi, wato salka, saboda a cikin fata ake tara iska. A kudancin ƙasar kuwa akwai "sruti upanga", suna mai asali daga Sanskrit. Amma algaitarmu ba ta da jaka. Kumatun mabushi su ne salkarsa: yana shaƙa ta hanci yana hurawa, sauti ba ya yankewa. Duk wanda ya bi kamannin suna ya zana jaka a littafin yaƙi da jahilci, kuskure ya koyar.

Inda aikin ya gaza shi ne Ames a Zariya ya zauna, King a Katsina. A Tagriss ta yankin Dakoro, Hausawa da Abzinawa zaune suke tare, mai goge maƙwabcin mai imzad ne. Kafin a ɗebi kalmomin wannan ƙamus a sa cikin littafin karatun manya na yankin, wajibi ne a je a ji sunayen daga bakin makaɗa da mabusan wurin.